Kada ki tura shi gida saboda shekara ɗaya

Wata baiwar Allah daga Jamus ta rubuto: "Ɗana ya cika shekara 6, yana da izinin zama irin namu. Likitan da ya duba shi kafin shiga firamare ya ce Jamusancinsa bai nuna ba, wataƙila a jinkirta shi shekara guda. Surukata ta ce abin kunya ne, a maido mata jikanta ya yi aji ɗaya da biyu a gida. Akwai wani da ya ce zai riƙa kula mana da takardun yaron har ya dawo. Barci ya gagare ni."

'Yar'uwa, sannu da ɗawainiya. Da mutumin nan zan fara, don shi ya fi tayar mini da hankali. Babu wata kulawa da zai iya yi. Sashe na 51 na dokar zaman baƙi ta Jamus ya ce wanda ya fita daga ƙasar ya wuce wata 6 bai dawo ba, izinin zamansa ya mutu, sai fa idan ofishin baƙi ya ƙara masa wa'adi tun kafin lokacin ya cika. Wanda kuma ya fita da niyyar zama a wani wuri, nasa na iya mutuwa tun ranar tafiya. Abin da dillalai irinsa suke yi shi ne su bar sunan yaro a rajistar adireshi kamar yana nan, kuɗin tallafin yara da gwamnati ke biya na ci gaba da shigowa. Na ga gidan da aka yi haka. Makaranta ta nemi yaro ba ta gan shi ba, domin a Jamus zuwa makaranta dole ne, ba a yarda a koyar da yaro a cikin gida a madadin makaranta ba. Magana ta fito, aka ce su maido kuɗin da suka karɓa kaf, yaron kuma ya koma bin layin biza kamar bai taɓa taka ƙasar ba. Dillalin? Lambarsa ta daina shiga.

Batun jinkirin kuwa, ba faɗuwa jarrabawa ba ce. Ana yi wa duk yaron da zai shiga aji ɗaya wannan dubawa, har 'ya'yan Jamusawa. Ana duba gani da ji da magana da riƙon fensir. Likita shawara yake bayarwa, kuma ba a yanke hukunci sai an zauna da iyaye. Ƙa'ida ta bambanta daga jiha zuwa jiha, saboda haka ki je wurin shugaban makarantar ki tambaye shi kai tsaye: wane ajin ƙarfafa harshe ake da shi, ko yaron zai iya shiga aji ɗaya bana tare da ƙarin darasi? Ki tafi da malamar kindagatin ɗinsa idan ta yarda, ita ta san shi fiye da likitan da ya gan shi na rabin awa. Kada ki manta da katin rigakafi, tun 2020 ana neman shaidar allurar ƙyanda.

A gida kada ki daina yi masa Hausa. Yaron da ya iya ba da labari da harshen uwarsa ya fi saurin kama na biyu. Jamusanci ya same shi wurin yara: kada ya riƙa fashin kindagatin, ya fita filin wasa. Ba a buƙatar ya iya karatu kafin aji ɗaya. Ya iya sa takalminsa, ya zauna ya saurara, ya ce "ban gane ba" ba tare da tsoro ba. Ki bi hanyar makarantar da shi a ƙafa sau da yawa kafin ranar farko.

Sai surukarki. Son jikanta take yi, ba na musu. Amma kunyar da take gudu ta bakin mutane ce, su kuwa ba su ne za su tsaya a ofishin jakadanci ba. Yaron da ya yi shekara 2 a gida zai dawo, idan ma ya samu dawowa, da Jamusancin da ya fi na yau rauni, a jefa shi aji uku. Kuma na lura ba ki ambaci maigida ba ko sau ɗaya. Mahaifiyarsa ce, shi ya kamata ya kira ta cikin ladabi ya ce, "Hajiya, doka ba ta bari." Bai dace ya bar ki ki zama mai hana kaka jikanta ba. Ku yi mata alkawarin kawo shi a dogon hutu, sati 6 ne, ku kuma cika.