Tambaya da Amsa: Ta ina ake fara kallon zanen Ranar Shari'a?

Tambaya: Malam, na ga hoton wani ƙaton zanen bango a cocin Sistine da ke Vatikan, mutane birjik, wasu na hawa sama, wasu ana janyo su ƙasa. Ya ba ni tsoro amma ban fahimci komai ba. Yaya ake gane shi? Mai karatu daga Jos.

Amsa: Ɗan'uwa, zanen Ranar Shari'a ka gani, wanda Michelangelo, mai zane ɗan Italiya, ya yi daga 1536 zuwa 1541, zamanin Paparoma Paul na Uku. Tsayinsa ya kusa mita 14, mutanen ciki sun haura 300, don haka ba a kallonsa gaba ɗaya.

Fara daga tsakiya. Yesu Almasihu ne a can, wanda Kirista suka yi imani shi zai yi wa duniya shari'a, ya ɗaga hannun dama, jama'a na juyawa kewaye da shi. Nan mutane suka fi kuskure: damarsa ita ce hagunka. A hagunka daga ƙasa matattu ke fita daga kaburbura suna hawa sama, a damarka kuma waɗanda aka hukunta ke faɗowa. Tsakaninsu mala'iku na busa ƙaho, riƙe da littattafai biyu. Na waɗanda suka tsira ƙarami ne, na halakakku babba.

Sai ka duba abin da kowa ke riƙe da shi, domin da shi ake sanin sunansa. Mai manyan makullai Bitrus ne. Mai ragar ƙarfe irin ta gashi Lawrence ne, an ce a kanta aka kashe shi. Katarina na riƙe da ɓarin abin azaba mai ƙusoshi, mai siffar ƙafar keke. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka ana azabtar da su ne, alhali shahidai ne suke nuna wa alƙali shaidar wahalar da suka sha saboda imani. Wanda ya fi taɓa zuciya a ganinmu shi ne Bartalamawas, wuƙa a hannu ɗaya, fatarsa da aka feɗe a ɗayan. Masana da yawa na ganin fuskar da ke jikin fatar nan ta Michelangelo ce, ya zana kansa kamar tsumma, yana lilo tsakanin tsira da halaka, yana da shekara sittin da ɗoriya.

Fuskoki a bar su zuwa ƙarshe. Maryamu na gefen ɗanta, ta kau da kai ta takure, kamar lokacin roƙo ya wuce. Ƙasa kaɗan a damarka akwai mutumin da ya rufe ido ɗaya da tafinsa, shaiɗanu na jan ƙafafunsa, ba ya ma kokawa. Azabarsa ita ce ya gane ba gyara. Ka lura har waɗanda suka tsira ba su cika murmushi ba, fargaba ta game kowa.

Mai kwalekwalen da ke dukan mutane da filafili, Charon, daga tatsuniyoyin Girkawa aka aro shi, ba daga Littafi Mai Tsarki ba. Da yawa daga cikin mayafan da ke rufe tsiraici kuma ba na asali ba ne, wani mai zane, Daniele da Volterra, ya fara ƙara su a 1565 bayan ƙorafin malaman coci. In za ka nemi hoto, nemi wanda aka ɗauka bayan wankin da aka yi wa zanen daga 1990 zuwa 1994. Tsofaffin hotuna sun yi duhu da hayaƙin kyandir na ƙarnuka, shuɗin saman ba ya fita.