Tambaya da Amsa: Memori ya cika, ga ni a jeji

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mai ɗaukar hoto ne a Maraɗi. A watan Satumba zan je Ingal bikin makiyaya na Cure Salée, kwana takwas zan yi. Memorin kyamara huɗu gare ni, kowanne giga 64, bidiyo kuwa kan cinye su a kwana biyu. Ba na son jigilar laftof. An ce in sayi gidan had-disk in riƙa juye aikina. Yaya abin yake?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya kai ka lafiya.

Abin iri biyu ne. Akwai gidan da ke da batir da ramin sa memori a jikinsa, ka zura kati, ka danna, ya kwafe da kansa. Irin su Nexto DI da HyperDrive ColorSpace ke nan, sai dai samunsu a kasuwanninmu da wuya. Na biyun shi ne gida zalla na had-disk mai inci 2.5, wanda za ka samu da araha a shagunan kayan kwamfuta. Shi ba ya kwafar komai sai ka haɗa shi da waya mai OTG, wato wadda ake iya jona mata kayan USB kai tsaye, tare da abin karanta memori, ta ƙaramin mahaɗi mai baki da yawa.

A nan mutane ke shan wahala. Had-disk mai juyawa yana zuƙar wuta sosai lokacin da zai tashi, wayoyi da dama ba sa iya ciyar da shi. Sai ka ji yana ƙyas-ƙyas, ya ƙi bayyana. Nemi mahaɗin da ake jona wa fawa bank. In aljihu zai ɗauka, sa SSD a gidan, wato disk mai ajiya irin ta memori maimakon faifai mai juyawa, domin ba abin da ke motsi a cikinsa, girgizar mota a hanyar Agadas ba za ta dame shi kamar mai juyawa ba. Ka yi masa fomat da tsarin ajiye fayil na exFAT tun a gida. Tsohon tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil da ya wuce giga 4, kuma bidiyonka zai iya wucewa. Kati ɗaya na giga 64 kan ɗauki kimanin minti 15 ta USB 3.0 idan katin mai sauri ne.

Ga abin da ya fi damuna: kada ka goge memori don kawai ka juye shi a wuri ɗaya. Ni na yi haka a wani ɗaurin aure. Na juye, na goge, washegari jakata ta faɗo daga babur, had-disk ɗin bai sake tashi ba. Har yau ina jin nauyin haɗa ido da mahaifin amaryar. Saboda haka ka sayi gida biyu, kowanne da nasa disk, ka juye a duka biyun kowane dare, ka buɗe 'yan hotuna da bidiyo ka tabbatar suna buɗuwa, sannan ka goge. Ɗaya a jakar da ke kafaɗarka, ɗaya a kayan abokin tafiya.

Kada ka bar su a mota a rufe da rana, kuma ka sa su a leda mai zif saboda rairayi. Kafin ka bar Maraɗi, cika memori ɗaya ka gwada juyewar daga farko har ƙarshe.