Kada Baba ya sayar da rumfarsa ta Mile 12 saboda karatunka

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso. Ka ce ka gama bautar ƙasa, tattalin arzikin noma ka karanta, kana son fitowa waje ka yi digiri na biyu da na uku har ka zama malamin jami'a, kuma Baba ya yi niyyar sayar da rumfarsa ɗaya ta kasuwar Mile 12 da ke Legas ya biya maka. Allah ya saka masa da alheri, amma don Allah ka lallashe shi ya dakata. Yadda naira ta zube tun 2023, kuɗin rumfa ba zai riƙe ka har ƙarshen karatu ba, ga ƙannenka da ke ci daga cikinta.

A wannan fanni, digiri na uku ba kasafai ake biyansa daga aljihu ba. Nan Amurka, jami'o'i irin su Purdue da Michigan State kan ɗauki ɗalibi ya taya farfesa bincike ko koyarwa, a ɗauke masa kuɗin makaranta, a riƙa ba shi na haya da abinci har kusan shekara biyar. A Wageningen ta Holan kuwa, da yawa aiki ne na shekara huɗu da albashi. Tallafin digiri na biyu ya fi wuyar samu, sai ka nemi tallafin hukumar DAAD ta Jamus, da na Commonwealth na Birtaniya, da shirin AERC, cibiyar binciken tattalin arzikin Afirka mai hedikwata a Nairobi.

Abin da ke kayar da yaranmu shi ne lissafi. Shekarar farko ba za ka taka gona ba, lissafi ne da ƙididdiga dare da rana, sannan jarrabawar da ke tankaɗe mutane. Ka koma kan littattafanka tun yanzu, ka koyi manhajar ƙididdiga ta R tunda kyauta ce, ka sauke alƙaluman gidaje da gonaki da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke tattarawa tare da Bankin Duniya tun 2010, ka riƙa gwada hannunka a kansu.

Amma jarinka na gaske yana inda kake tsaye, kuma na lura kana raina shi. Kai ka san yadda tirelar tumatir ke isowa da asuba daga Kwanar Gafan ta Kano, kwandunan ƙasa sun matse ruwa na tsiyaya, dillali na ware na kirki da wanda ya fara lalacewa, kafin azahar farashi ya sauya. Ka san buhun albasar Aliero nawa ya baro Kebbi, nawa kuma aka sauke shi. Ratar da ke tsakanin kuɗin nan biyu, da wanda ke cinye ta, ita ce tambayar da manyan masana ke neman tallafi su zo su yi. Su sai da tafinta, kai kuwa ɗan gida ne.

Dubi abin da ya wuce a gaban idonka. A 2015 Babban Banki ya hana masu shigo da kaya 41 dalar gwamnati, har da shinkafa da tumatirin gwangwani. A 2016 tsutsar Tuta absoluta ta cinye tumatirin Kano da Kaduna. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa har da Seme, ba a buɗe ba sai Disambar 2020. A farkon 2021, bayan rikicin Shasha a Ibadan, fataken abinci da dabbobi suka tsayar da lodi zuwa Kudu, Legas ta ji a jikinta, manomin Arewa kuma kayansa suka karye a hannunsa. Wa ya ci ribar rufe iyaka, manomin shinkafa, ko mai injin casa, ko ɗan fasa-ƙwauri? Har yau ana jayayya, kuma raina na ɓaci in na ga ana yanke wa iyayenmu hukunci a takarda ba tare da an taɓa zama kan bencinsu ba.

Saboda haka ka nemi izinin shugabannin kasuwa, ka sayi littafi. Kullum ka rubuta kuɗin kwando, inda aka yi lodi, kuɗin mota, abin da direba ya ajiye a shingaye, la'adar dillali, da kwana nawa aka yi a hanya. In ka yi wata shida a haka, kana da abin da za ka nuna wa duk farfesan da ka rubuta wa.

Aikin malanta kansa ba na neman dukiya ba ne. Da takardun da ka wallafa ake auna ka, mujalla kuma kan riƙe takarda wata da watanni ta dawo maka da ita. Ga sanyi, ga azumi ba dangi. Sai dai ƙofa ba ɗaya ba ce: akwai cibiyoyin binciken noma da abinci irin su IFPRI, da IITA a Ibadan, da IAR a Samaru. Akinwumi Adesina ma wannan fannin ya karanta a Purdue kafin ya zama ministan noma a 2011.

Yawancin jami'o'in nan tsakanin Disamba da Janairu suke rufe karɓar takardu. Turo min sakamakonka na jami'a in ga makin lissafinka, sannan ka fara tuntuɓar malamai uku da suka san ka sosai, waɗanda za su rubuta maka takardar shaida.