Ki rubuta abin da Baba ya yi da hannunsa

'Yata, sannu da wannan babban rashi. Ubangiji ya ta'azantar da ke, da Mama, da sauran 'yan'uwanki. Na karanta tambayarki: an ɗora miki rubuta tarihin Baba da za a karanta ranar jana'iza, a kuma buga a takardar tsarin sujada, ke kuwa kin rasa abin da za ki cika shafi da shi, tunda shi ba fasto ba ne, bai riƙe wani babban muƙami a gwamnati ba, daga gida sai wurin aiki sai coci. Na daɗe ina magatakardan ikilisiyarmu ta ECWA a Kafanchan kafin na sauka, irin waɗannan takardu da yawa sun bi ta hannuna. Tarihin irin su Babanki ya fi na masu muƙami daɗin rubutawa, in dai an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Ki buɗe Ayyukan Manzanni sura 9. Da Dokas ta rasu a Yafa, aka kira Bitrus, gwaurayen da suka kewaye shi ba su tsaya jera masa kirari ba. Riguna da tufafin da ta ɗinka suka ɗaga suna nuna masa, suna kuka. Abin da za ki yi ke nan. "Mai tsoron Allah ne, mai haƙuri, mai son jama'a" an faɗe shi a kan kowace gawa da aka shigo da ita coci, har kunne ya daina jinsa. Ki nemo rigunan.

Akwai wani dattijo da muka binne, kafinta ne da ya yi ritaya daga hukumar jirgin ƙasa. 'Ya'yansa suka kawo mini rabin shafi, shi ma rabinsa sunayen makarantun da su 'ya'yan suka yi ne. Na ce su ba ni lokaci kaɗan. Na ɗauko tsofaffin littattafan zaman dattawa, sai ga sunansa a kusan kowane shafi, amma ba a wurin masu jawabi ba. "An ba Baba ya duba kwanon da ke yoyo." "Baba ya gyara bencina, bai karɓi kuɗin aiki ba." "Baba zai raka mai bishara zuwa ƙauye." Shi ke riƙe da makulli, shi ke buga guntun ƙarfen dogo da muke ratayewa a bishiya a madadin ƙararrawa, tun duhun asuba, damina da hunturu. Wata tsohuwa a Zumuntar Mata ta ce a barandarsa ta koyi haɗa baƙi, don kawai ta iya karanta Zabura da kanta, bayan ta haifi 'ya'yanta duka. Samarin da yanzu suka yi furfura suka tuna yadda yake goya su a keke da rani in ƙungiyar Sabon Rai Don Kowa za ta fita wa'azi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da 'ya'yansa suka rubuta, domin a idonsu ba labari ba ne, abin da Baba ya saba yi ne kawai.

Wanda ya fi ba mu labari mai nauyi ma ba ɗan ikilisiya ba ne. Wani mahauci ne Musulmi, tsohon maƙwabcinsa, ya zo gaisuwa. Ya ce lokacin rikicin bayan zaɓe na 2011, da aka ƙone kasuwar Kafanchan, ya kwashe iyalinsa ya gudu ya bar awakinsa a ɗaure. Da ƙura ta lafa ya dawo, ya tarar dattijon ya kwance su ya kai gidansa yana kiwo, ya kuma miƙa masa su har da 'ya'yan da suka haifa a hannunsa. Muka nemi izininsa, muka sa a tarihin. Da aka karanta wurin, ba a ji ko tari a cocin ba. Don haka kada ki tsaya a bakin 'yan coci. Ki je wurin maƙwabta, da abokan aikinsa, da mai shagon da yake saye a wurinsa, da yaran mutane da suka yi karatu a gidanku.

Sai Mama. Ki zauna da ita ku biyu, da daddare in masu gaisuwa sun watse, ki ajiye waya tana ɗaukar murya. Kada ki ce mata "yaya halin Baba yake", za ta ce miki mutumin kirki ne, magana ta ƙare. Ki tambaye ta inda ya fara ganinta, wa ya ɗaura musu aure, me suka ci a shekarar da albashi ya yi wata da watanni bai zo ba, me ya sayar ya biya kuɗin makarantar babban wanku. Matar wancan kafinta ta ce da ta yi doguwar jinya shi ke daka, shi ke ɗebo ruwa, mazan unguwa na yi masa dariya, bai ko ɗaga kai ba. Bulus ya ce wa Timoti dattijo sai wanda ya iya riƙe gidansa, kuma shaidar wannan a bakin matar mutum take, ba a bakin kwamiti ba.

Batun shekarun haihuwa, ki yi hattara. Yawancin iyayenmu ba a haife su a asibiti ba, shekarar da ke takardar aikinsu sau da yawa ta rantsuwar kotu ce, an rage ko an ƙara. In ba ki da tabbas, ki rubuta "wajen shekara kaza", ba abin kunya ba ne. Katin baftisma da rajistar aure na coci sun fi taimako. ECWA ta tsaya da ƙafafunta a 1954, don haka in katin na ɗauke da sunan SIM kawai, wato ƙungiyar mishan da ta kafa ta, wataƙila ya girmi wannan shekarar. Tsofaffi kuma da abubuwan da suka faru suke lissafi: zuwan Sarauniyar Ingila a 1956, samun 'yancin kai a 1960, yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, canjin kuɗi daga fam zuwa naira a 1973, UPE, wato shirin karatun firamare kyauta ga kowa, a 1976. In gwaggonki ta ce ya yi aure shekarar da aka canja kuɗi, kin sami shekararki. Ki kuma duba bangon Littafi Mai Tsarki nasa. Mutanen wancan zamanin a nan suke rubuta ranar haihuwar kowane ɗa, wani lokaci har da ranar rasuwar waɗanda ba su rayu ba, waɗanda ke ma ba ki san da su ba.

Tunda littafin na hannunki, ki duba inda ya fi ja wa layi, inda takarda ta yi baƙi don yawan taɓawa. Daga nan za ki ɗauki ayar da za a sa a bango. Ba ni da faɗa da 2 Timoti 4:7, ayar gama tsere da riƙe bangaskiya, amma ta zama kamar ankon biki, kowa ita ce a jikinsa. In tsohon juyin Littafi Mai Tsarki na Hausa na 1932 yake karantawa, a karanta daga shi, Hausar da kunnensa ya saba da ita ke nan. Haka waƙa: ki tambayi shugaban mawaƙa lambar da Baba ke yawan tayarwa a Littafin Waƙoƙi in an ba shi jagorar addu'ar safe. Zai gaya miki ba tare da ya yi tunani ba.

Kada ki mai da shi mala'ika. Mutanen da za su zauna a bencin nan sun san shi shekara da shekaru. In mai faɗa ne a kan makara, in ya taɓa rufe ƙofar coci ya bar ku 'ya'yansa a waje don kun zo bayan an fara, ki faɗa, cikin ladabi. Mutane za su yi dariya da hawaye a idonsu, za su kuma yarda da sauran abin da kika rubuta. Amma rigimar gado, ko saɓaninsa da wani fasto, ko sunan ciwon da ya ɗauke shi in Mama ba ta so, waɗannan ba na mumbari ba ne. In yana da 'ya'ya da wata uwar, ko daga kafin ya tuba ne, a jera sunansu daidai da naku, bisa girma. Na ga gidan da aka tsallake sunan ɗa ɗaya, har yau ba sa gaisawa.

Tsawonsa kada ya wuce abin da za a karanta cikin minti biyar zuwa bakwai, wato shafi biyu. Ba sai kin shigo da labarin zuwan su Bingham, 'yan mishan na farko na SIM, a 1893 ba, kowa ya ji shi a ajin baftisma. In za a buga da Turanci saboda baƙi da jikoki, a buga, amma a karanta da Hausa ko da yarenku, don tsofaffin da suka yi zamani da shi su ne suka fi cancanta su ji. Ni ban ga amfanin takarda mai shafi arba'in cike da hotuna masu launi ba, alhali Mama na da sauran rayuwa a gabanta da 'yan kuɗin fansho. Wannan ra'ayina ne, wasu a gidanku za su ƙi.

In kin gama, ki karanta wa Mama da babban ƙanen Baba da ƙarfi kafin a kai wa mai bugawa, su gyara sunaye da jerin dangi. Ki sa wani daga cikin 'yan'uwa ya tsaya kusa da ke ranar da kwafi a hannunsa, ko da murya za ta ƙi fita ya karɓa. Kwafi ɗaya kuma ki ba magatakardan cocinku ya sa a fayil, tare da hoton katin baftismar.