Ataya, Goro da "Ƙashin" Ƙwayar Halitta

TAMBAYA: Malam, wani mai tallar magani a mota ya sayar wa yayata ƙwayoyin koren shayi, wai sinadarinsu yana karya ƙashin ƙwayoyin sankara su kasa yaɗuwa. Ƙwayar halitta tana da ƙashi ne?
Wata 'yar'uwa daga Aboabo, Kumasi

AMSA: 'Yar'uwa, ƙashi dai babu, amma akwai abin da ke riƙe da ita: zaruruwan wani furotin mai suna aktin, wanda Bruno Straub ya gano a Hangari a 1942. Kaurin zare ɗaya kusan nanomita 7 ne (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). Nakan ce wa ɗalibaina su ɗauke shi kamar rumfar buki wadda ake kafa wa sanda a gaba ana cire ta baya. Da haka ƙwaya ke rarrafe; da haka miki ke haɗewa, da haka kuma sankara ke ƙaura.

Shi kuwa sinadarin da mai tallar ke nufi, polifenol, harshenki ya san shi. Baurin nan da ke kama baki in kin tauna goro, ko kin kurɓi kofin farko na ataya, shi ne ke manne wa furotin ɗin yawu. Na koren shayi ana ce masa EGCG. A 2004 masana a Jami'ar Kyushu ta Japan sun gano yana da mazauni a fatar ƙwayar halitta, wani furotin mai suna 67LR. In ya zauna nan, mayosin, furotin ɗin da ke jan zaren aktin, sai ya yi sanyi, igiyoyin su saki, ƙwayar ta sha wahalar rabuwa biyu.

Har nan mai tallar bai yi ƙarya ba. Abin da ya ɓoye shi ne a farantin gwaji aka fi ganin wannan, inda sau da yawa ake zuba ninki goma ko fiye na abin da ke kaiwa jini, don hanji da hanta suna sauya mafi yawansa a hanya. Kuma aktin ba na sankara kaɗai ba ne, zuciyarki ma da shi take bugawa.

Ƙwayoyin koren shayin da ya sayar mata ne ke tayar min da hankali. A 2018 hukumar lafiyar abinci ta Turai ta ce miligram 800 na EGCG a rana yana iya taɓa hanta. In Yaya tana kan magani, ki rakata asibitin Komfo Anokye da kwalbar a jaka, likita ya karanta abin da ke jikinta. Ataya kam ta sha abinta, ta dai rage sikari, kuma ta bar tazara tsakaninsa da maganin ƙarin jini, don yana hana sinadarin ƙarfen da ke cikin maganin shiga jiki.