Tambaya da Amsa: Kifin da ke kwanciya kamar mushe

TAMBAYA: Salamu alaikum malam, ni ɗan Tawa ne, kifi nake sayarwa, daga tabkin Tabalak nake sarowa. Abokina ya turo min bidiyo a WhatsApp, wani kifi kwance a ƙasan ruwa kamar ya mutu, ƙananan kifaye na zuwa su ɗan taɓa shi sai kawai ya zabura ya cafke guda. Wai dangin karfasa ne in ji shi, ni ko na ce karfasar da na sani ba ta wannan aikin. Gaskiya ne ko haɗin kwamfuta? In gaskiya ne ana iya kiwonsa a nan?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokinka bai yi maka ƙarya ba, kifin nan akwai shi, sunansa na kimiyya Nimbochromis livingstonii, kuma dangi ɗaya suke da karfasa. Asalinsa tabkin Malawi ne, wanda ke tsakanin Malawi da Mozambik da Tanzaniya, zurfinsa a wani wurin ya kai kusan mita 700, kuma babu tabkin da ya kai shi yawan ire-iren wannan dangi a duniya, ɗaruruwa ne, wasu gansakuka suke kankara a jikin dutse wasu kuma ƴan'uwansu suke ci.

Shi wannan dabararsa duk a launin jikinsa take, fari ne da dabbare-dabbaren ruwan ƙasa, in ya kwanta ta gefe kan yashi bai motsi sai ka rantse ya fara ruɓewa, ƙananan kuwa su zo kalaci, ashe su ne kalacin. Bai ma da girman kirki, da ƙyar yake wuce santimita 25. Matar ita ke ɗaukar ƙwai a baki har su ƙyanƙyashe, wannan kam ka san shi, karfasarmu ma haka take yi.

Maganar kiwo, in don kasuwa ne ka manta da shi wallahi. Kifin da sai ya ci kifi zai girma asara ce tun daga abinci, masu ajiye shi don ado suke yi cikin akwatin gilashi babba, kuma duk ƙaramin da aka zuba masa a ciki ya tafi. Abin da nake roƙo, ko wani ya kawo maka shi kyauta kar ya shiga Tabalak. Giwan ruwa dai namu ne a kogin Kwara ba ya damun kowa, amma da aka zuba shi a tabkin Biktoriya na gabashin Afirka wajen shekarun 1950 ya taimaka wajen ƙarar da ire-iren ƙananan kifayen can masu yawan gaske, har yau ba su dawo yadda suke ba. In kana son ka fara kiwo ka tsaya kan karfasa da tarwaɗa, su ne masu saye suka sani, kuma tarwaɗa ta fi jure zafin Tawa da ƙarancin ruwa.