Kafin ka sayi fistin don injin turbo

Yarona, tambayarka ita ce: injin lita 2 da aka kawo, wanda ya fito daga kamfani da matsi 10:1 (wato fistin yana matse iskar da ke cikin silinda sau goma) ba turbo, mai motar yana so a ɗora masa turbo, na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, kai kuma ka ji ana cewa in ba a sa fistin 8:1 ba injin tarwatsewa zai yi. To wane fistin za a saya, ko kuwa gasket mai kauri ya wadatar?

Ka ajiye maganar 8:1 tukuna. Ba lambar da ake haddacewa ba ce a riƙa liƙa wa kowane inji. Abin da muke gudu shi ne ƙwanƙwasa, wato ragowar man da ke gefen silinda ya ɗau zafi ya fashe da kansa kafin wutar fulogi ta iso wurinsa. Wannan fashewar ce ke karya gaɓar da ke riƙe ringin sama, ta ƙona gasket, ta daddake metal ɗin kwanrod, wato sandar da ke haɗa fistin da karanshaf. Turbo yana cusa iska fiye da abin da injin zai zuƙa da kansa; da bar ake auna ƙarfin cusawar, kuma a bar 1 iskar da ke shiga ta kusa ninka ta da, kuma da zafinta take zuwa domin duk iskar da aka matse sai ta yi zafi. Fistin ya sake matse ta sau goma, zafin ya wuce abin da fetur zai jure. Rage matsi hanya ɗaya ce ta samun sarari. Akwai wasu: fetur mai oktan da yawa (oktan shi ne juriyar mai ga ƙwanƙwasa), intakula mai kyau da ke sanyaya iskar turbo, ja da taimin baya, wato jinkirta wutar fulogi, da ƙara mai kaɗan a lokacin da turbo ya cika.

Dubi abin da kamfanoni suka yi, za ka gane cewa lambar tana tafiya ne da zamani. Porsche 911 Turbo na 1975 ya fito da 6.5:1, domin a lokacin babu kwamfutar da ke sauraron ƙwanƙwasa ta ja taimin baya. Injin Toyota 2JZ na cikin Supra, mara turbo 10:1 ne, mai turbo kuma 8.5:1. Nissan SR20DET ma 8.5:1. Amma injin BMW B58 na yanzu 11:1 ne, da turbonsa, Honda Civic Type R mai turbo kuma 9.8:1. Waɗannan na baya nozul ɗinsu cikin silinda kai tsaye yake fesa mai, man yana sanyaya iskar a ciki yayin da yake zama tururi, shi ya sa suke jure matsi mai yawa. Injin da ke gabanka in a bayan bawul yake fesa mai, to da su 2JZ za ka kwatanta shi, kada ka kalli B58 ka ce ai ga shi an yi.

Tambayoyi biyu za ka yi wa mai motar kafin ka buɗe kowane katalog: wane mai zai riƙa sha kullum, kuma matsin turbo nawa yake nufi? Ka nace a kan ta biyun, domin kowa da rabin bar yake farawa, bayan wata biyu sai ka ga ya dawo yana so a ƙara. Ni a ra'ayina, da fetur na gidan mai mai oktan 95 zuwa 98 da matsin turbo da bai wuce bar 0.7 ba, 9:1 zuwa 9.5:1 ya yi. In zai kai bar 1 ko ya wuce, ka sauko tsakanin 8.5:1 da 9:1. In kuwa E85 zai riƙa sha, man nan mai yawan itanol, ana iya barin 10:1 ɗin yadda yake, a canza fistin don ƙarfi kawai. In man da zai samu ba shi da tabbas, ka bi ƙaramar lambar.

Me ya sa ban ce ka sauka 8:1 ka huta ba? Domin ba kullum turbo ke aiki ba. A cikin gari, a tashi daga tsaye, a ƙaramin gudu, injin da matsinsa kaɗai yake tafiya. Duk lamba ɗaya da ka rage tana cin kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfi, kuma shan mai ya ƙaru. Mota mai 8:1 da babban turbo kasala gare ta a ƙasa, sai ta kai wani juyi sannan ta zabura gaba ɗaya, tuƙinta ba daɗi. Amma ka riƙe ɗaya gefen lissafin: in kana kan bar 1 ka ƙara 0.1, ka ƙara iska kusan kashi 5 cikin 100. Wato ƙarfin da ka rasa wajen rage matsi turbo zai biya ka shi har da riba. Shi ya sa wanda ke neman ƙarfi mai yawa yake sauka ƙasa, wanda ke son motar yau da kullum kuma yake tsayawa sama-sama.

Yanzu lissafi, kuma a nan ne yawancin masu haɗa inji suke yin ganganci. Lambar da aka rubuta a kwalin fistin, a ce 9:1, gaskiya ce kawai in top ɗinka (murfin da ke rufe saman silinda) da gasket ɗinka da bulok ɗinka (gangar jikin injin) sun yi daidai da waɗanda kamfanin ya yi lissafi da su. Injin da ya shekara goma sha yana yawo, wa ya san sau nawa aka goge fuskar top ɗinsa?

Ga yadda abin yake. Mu ɗauka faɗin silinda milimita 86 ne, tafiyar fistin ma 86, kamar SR20 ko K20. Kowace silinda tana ɗaukar kusan cc 500. Matsi shi ne ka haɗa wannan 500 da sararin da ya rage a sama lokacin da fistin ya ƙure, ka raba da wannan sararin. Hanya mai sauƙi: ka cire 1 daga matsin da kake so, ka raba 500 da abin da ya rage. Don 10:1, 500 a raba 9, cc 55.6. Don 9:1, a raba 8, cc 62.5. Don 8.5:1, cc 66.7. Ka ga ke nan cc 7 kacal ne tsakanin 10:1 da 9:1. Abin da bai cika babban cokali ba.

Wannan sararin daga wuri huɗu yake taruwa: ramin top, kaurin gasket, ɗan nisan da fistin ya rage bai kai fuskar bulok ba, da kwarmin da ke saman fistin. Uku na farko aunawa za ka yi. Ka kifa top, bawul da fulogi suna ciki, ka shafa giris siriri a kewayen ramin, ka ɗora farantin roba mai gani-har-hanji da ɗan ƙaramin huji, ka riƙa ɗura ruwa da sirinji har kumfar iska ta ƙarshe ta fita. Abin da ya shiga shi ne cc ɗin ramin. Ka yi wa dukkan silinda huɗu, kada ka auna ɗaya ka ce sauran haka suke. A ce ka samu 48. Gasket mai hujin milimita 87 da kaurin milimita 0.8 bayan an ɗaure yana ba da cc 4.8. Fistin da ya tsaya milimita 0.2 ƙasa da fuskar bulok yana ba da cc 1.2. Jimla 54. Kana neman 62.5, saboda haka fistin mai kwarmin cc 8.5 kake buƙata. Da wannan lambar za ka je saye, ba da "9:1" ba.

Ka lura da abin da zai faru in an taɓa goge top ɗin ya koma 45 kai ba ka auna ba. Fistin ɗaya, gasket ɗaya, amma matsin ya zama 9.4:1. Mai saita kwamfuta zai yi ta faman ja da taimin baya yana mamakin me ya sa injin ke ƙwanƙwasa.

Sai maganar gasket mai kauri. Na san dalilin da ya sa kake sha'awarsa: ba sai an sauke bulok ba. A faɗin silinda irin wannan, kowace milimita ɗaya ta kauri tana ba da kusan cc 6, don haka sai ka ƙara 1.2 kafin ka samu cc 7 ɗin nan. A takarda lissafi ya fita. A cikin inji kuwa ka lalata wani abu mai muhimmanci. Dubi saman fistin da fuskar top, akwai wuraren da suke a shafe a gefe, waɗanda suke kusan haɗuwa idan fistin ya ƙure. Tazarar da ke tsakaninsu ana so ta kasance kusan milimita 1, tsakanin 0.9 da 1.1. Idan fistin ya taso, iskar da man da ke wannan matsattsen wurin ana watso su da ƙarfi zuwa tsakiya, su cakuɗe, wuta ta ci da sauri, kuma ɗan abin da ya maƙale a gefen ƙarfe yana sanyaya shi. Ka mai da tazarar 2.2, watsowar ta mutu, kuma ka buɗe wani lungu a nesa da fulogi inda mai zai zauna ya dahu ya fashe. Sai ka ga inji mai 9:1 da gasket mai kauri ya fi mai 9.5:1 da tazara daidai saurin ƙwanƙwasa. Haka nan fistin da aka gajarta kansa don ya tsaya ƙasa, illa ɗaya ce. Ka nemi wanda kwarminsa ke tsakiya, yana bin siffar ramin top, bakinsa kuma a shafe yana hawa har sama.

Irin ƙarfen fa? Fistin na kamfani yawanci na zubi ne, an narka alminiyom an zuba a mazubi, galibi da silikon da yawa a ciki. Ba ya kumbura sosai da zafi, ba ya ƙara, yana daɗewa. Matsalarsa gautsi: in ƙwanƙwasa ta same shi tsagewa yake yi. Na ƙira, wanda aka matse shi da ƙarfi ya ɗau siffa, iri biyu za ka fi gani. Akwai 4032, mai silikon kusan kashi 12 cikin 100, yana son tazara kaɗan da bangon silinda, shiru gare shi, shi ya dace da motar da ake hawa kullum da turbo matsakaici. Akwai 2618, kusan ba silikon, yana jure duka da zafi, ya gwammace ya lanƙwasa da ya fashe. Amma yana kumbura da yawa, dole a ba shi tazara mai faɗi, da safe za ka ji yana ɗan kaɗawa har injin ya ɗau zafi, kuma ya fi saurin cinyewa. Mutane suna ruguwa su sayi 2618 don sun ji shi ne na tsere. In motar ba za ta wuce bar 1 ba kuma da ita ake zuwa aiki, ni 4032 zan sa.

Ko wanne ka saya, fistin za ka fara riƙewa a hannu sannan a yi borin, wato faɗaɗa ramin silinda. Ka kai wa mai borin fistin ɗin da takardarsa, ya auna kowanne da maikuromita a wurin da takardar ta nuna, ya gyara kowace silinda daidai da nata. Tazarar da ke littafin motar ta fistin na zubi ce, ba ta aiki a nan.

Ringi kuma kada ka zare su daga leda ka sa haka nan. Zafin turbo yana miƙar da ringin sama, in bakinsa biyu suka haɗu ba inda zai je, sai ya cije bango ya ɓalle kan fistin. Injin da yawa da ake ɗora wa laifin "matsi ya yi yawa" wannan ne ya kashe su. A faɗin 86, don turbo na kan titi, ringin sama yana son buɗi kusan milimita 0.43 zuwa 0.47, na biyu kuma ya ɗan fi shi kaɗan don iskar da ta tsallake na sama ta samu hanyar fita. Ka tura ringin cikin silindarsa da kan fistin don ya zauna daidai, ka auna da fila geji, ka goga kaɗan-kaɗan daga waje zuwa ciki, ka share ƙaiƙayin bakin. In takardar fistin ta ba da wata lamba, ita za ka bi.

Sauran ƙananan abubuwa na duba ne da ido: faɗin fil ɗin fistin ya dace da kwanrod, tsawo daga fil zuwa kai ya yi daidai da na asali, siket ɗin ba ya taɓa bututun fesa baƙin mai in bulok ɗin yana da shi. Kwanrod ɗin ma ka tambayi kanka ko zai ɗauki ƙarfin, domin fistin na ƙira a kan siririn kwanrod na inji mara turbo, ka dai matsar da wurin karyewar ne zuwa ƙasa. In an canza kamshaf, ka ɗora yumɓu mai laushi a gurbin bawul na kan fistin, ka ɗaura top, ka juya injin da hannu zagaye biyu, ka kwance ka yanka yumɓun ka auna kaurinsa.

Kuma ka gaya wa mai motar tun yanzu cewa kuɗin saita kwamfuta yana cikin aikin, tare da nozul da famfon mai da za su iya ciyar da turbo ɗin. Fistin mafi tsada ma narkewa yake yi in mai ya gaza a lokacin da turbo ya cika.

Gobe ka wanke top ɗin nan tas, ka samo sirinji da giris, ka kawo mini lambobin ramuka huɗun da nisan fistin daga fuskar bulok. Ka kuma kira mai motar ka ji maganar mai da bar nawa yake so, sannan mu zauna mu fitar da cc ɗin kwarmin.